Daminar Gurasa da Ƙanƙara

"Ki ɗaure kayanki! Gobe in Allah ya kai mu motar Ƙofa za ki bi."

Safara'u ta tsaya cak a ƙofar tsakar gida, mayafinta jiƙe da yayyafi, ƙunshin alkaki a hannunta.

Mahaifinta ne, Malam Sale, zaune kan tabarma a rumfar Gwaggo Delu. Rabonsa da birnin Kano shekara bakwai. A gefensa kuma ga Wada, ɗan ƙanensa, akawu a ofishin hukumar En'e, ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi.

Ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba Malam… ya hanya? Ya su Inna?"

"Karatun ungozoma na turo ki, ko yawon ciye-ciye a titi da namiji?"

Alkakin ya suɓuce daga hannunta.

Gwaggo Delu, yayar Malam, ta shigo a bayanta tana haki. Ta dubi ƙanen nata, ta dubi Wada, ta ce, "Au! Ashe an kai labari."

Labarin kuwa ya faro ne wata biyu baya, a daminar 1957.

Da aka ba da dogon hutu, 'yan makarantar su Safara'u duk sun watse garuruwansu. Ita aka zaɓa ta zauna ta koyi aiki a asibitin mata da safe, ta riƙa kwana a gidan gwaggonta a cikin birni. Kewar gida ta kama ta har abinci ya daina wuce mata. Idan ta rufe ido, gonakin dawar Ƙofa take gani sun yi kore shar, da hayaƙin murhun Innarta yana tashi bayan ruwa ya ɗauke.

"Yarinyar nan za ki ƙare a hannuna," in ji Gwaggo wata rana da azahar. "Yafa mayafinki, mu je Jakara ki ga abin da ake kira gurasa."

Suna cikin ciniki sai ga wani dogon saurayi cikin kakin makaranta, da ɗan littafi a hannu, yana bi yana ɗaga murafen tukwane. Masu abinci sai harararsa suke.

Ya matso ya rusuna.

"Gwaggo, in za ku ji shawarata, ku shiga lungun can ku tambayi gidan Kyauta. Ta fi kowa tsabta, kuma ba ta rowar ƙuli."

"Kai wa ya tambaye ka?"

"Gwaggo, mu dai je mu gani mana," Safara'u ta faɗa a hankali.

Saurayin ya juyo da sauri.

"Wannan murya ta kudu ce… Bebeji ko Kiru?"

"Ƙofa."

"Ikon Allah! Ni ɗan Yako ne. Abdussalami sunana, ina makarantar duba-gari. Aikin hutuna ke nan, bin masu sayar da abinci."

Ran nan Safara'u ta cinye gurasa biyu, mai zafi, an yayyafa mata ruwa da man gyaɗa, an barbaɗe ta da ƙuli da albasa. Gwaggo ta ci uku.

Tun daga nan azahar ta zama wani abu dabam.

Kullum in ta fito daga asibiti sai ta tarar da Gwaggo a gindin dalbejiya riƙe da lema, can nesa kaɗan kuma Abdussalami ya jingina da kekensa kamar ba su yake jira ba. Shi a gaba yana tura keke, Gwaggo a tsakiya, ita a baya. Ba su taɓa jerawa ba.

Ya kai su kasuwar Kurmi wurin wata Bafulatana mai damun fura da kindirmo har da man shanu yana yawo a sama. Ya kai su Sabon Gari, inda wata Bayarabiya ke kwance alale daga ganye tana tsaga burodi mai ɗumi. Safara'u ba ta taɓa cin burodi ba. Ta daɗe tana matsa shi da yatsa tana kallon yadda yake tasowa.

"Kamar auduga," ta ce.

"Ci dai, Malama, kafin Gwaggo ta ga kin yi sanya."

"Ina jin ka, ɗan nema!" in ji Gwaggo, bakinta cike.

Garin duk ƙamshi yake mata a wannan damina. Ƙamshin ƙasa, ƙamshin masara a kan garwashi, ƙamshin suyar ƙosai da ke biyo iska daga lungu. Wani lokaci hadari ya taso su fake a rumfar wani, ruwa na zuba daga indararo, shi yana ba ta labarin fadamar Yako da raken da suke sha suna yara. Ita kuwa ba labarin take ji ba, muryar take ji.

Wata Laraba ya kai su Fagge, kantin wani Bakware, Balaraben Lebanon, mai firjin kananzir. Aka kawo musu lemon kwalba, aka jefa wani abu mai ƙyalli a kofi.

Ta ciro shi ta ɗora a tafin hannu, ta zabura.

"Wayyo! Yana cizo!"

"Ƙanƙara ce. Ba daga sama ta faɗo ba, a nan suke yin ta."

"Zan ƙulle ta in kai wa Inna ta gani…"

Kafin ta kwance bakin mayafi, ruwa ne kawai ke bin yatsunta.

Abdussalami ya dubi hannun.

"Haka kwanakin nan suke mini, Safara'u. Ina riƙewa suna narkewa."

Karo na farko ke nan da ya kira sunanta.

"Saura sati uku a koma makaranta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni kuwa ban san yadda zan yi da azahar ba in babu ke, hasken idona. In na turo manyana, za ki kore su?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni ba ni da bakin korar manya…"

Gwaggo ta juya baya tana tsotsar ƙanƙararta, wai ita ba ta ji komai ba.

Abin da ba su lura da shi ba shi ne Wada, tsaye a tsallaken titi. Sau biyu yana zuwa zance wurin Safara'u, sau biyu tana aiko masa da cewa kanta na ciwo. Asabar na yi ya hau mota sai Ƙofa. Can ya gaya wa Malam wai 'yarsa ita kaɗai take bin wani saurayi otal-otal a Sabon Gari.

Shi ya sa Malam ya zo da kansa.

Washegarin zuwansa Safara'u ta hau bayan babbar mota idanunta a kumbure. Ba ta yi sallama da kowa ba. Motar na shirin tashi sai ga Gwaggo Delu da ƙunshinta a ka, tana cewa a ba ta hannu ta hau.

"Yaya Delu, ina kuma za ki?"

"Gidan ubana. Ko an hana ni ne?"

Ta zauna ta raɗa wa Safara'u, "Na bar saƙo wurin Kyauta. Share hawayenki."

Kwana biyar a Ƙofa, dawar da ta yi ta mafarki ga ta ko'ina, amma ko kallonta ba ta yi. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci tana tankaɗe, sai ta ji sallama a zaure. Rariyar ta kusa faɗuwa.

Ta lallaɓa ta maƙale a bayan asabari.

Abdussalami ne, ƙafafunsa duk taɓo, tare da kawunsa Ɗanliti. Daga Yako suka taho a keke. Wada ma yana nan, ya biyo Malam daga masallaci.

Ɗanliti ya gama gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo su. Malam bai ɗago ba.

"Yaron da ke jan 'yata otal?"

Sai muryar Gwaggo daga ƙofar cikin gida.

"Sale, ni ma ja na yake? Ba lomar da yarinyar nan ta kai baki ba na wurin. Wada, ɗago ka dube ni! A kantin Bakware, wa ka gani zaune tsakaninsu?"

"Gwaggo… wato… daga nesa na hango…"

"Daga nesa ka hango ta, amma ni da na yi biyunta ba ka hango ni ba?"

Wada ya shiga neman takalmansa.

Malam ya dubi Abdussalami.

"An ce duba-gari kake koyo. Shekarun baya wani irinku ya shigo gidan nan ba sallama, ya fasa randar iyalina a gaban ɗalibaina. Tun ran nan na ce ba ni ba ku."

Ya tura masa ƙoƙon ruwa.

"Sha. Daga rijiyata ne."

Safara'u ta san ruwan rijiyar nan da damina, ja ne kamar kunun kanwa.

Abdussalami ya yi bisimilla, ya shanye tas.

"Ba ka leƙa ba," in ji Malam.

"Allah ya gafarta Malam, na gani. Bakin rijiyar ya zube, ruwan sama na komawa ciki. Ba zan ɓoye muku ba. Amma yau ba aiki na zo ba, roƙo na zo. In kun yi mini izini, gobe ni da Kawu mu ɗaga mata baki da hannunmu."



Safara'u ta damƙe asabarin har karan ya shiga hannunta.

"Da ka ce ruwan garau yake, da yanzu kana hanyar Yako," Malam ya faɗa a ƙarshe. "Ta koma ta ƙarasa karatunta, kai ma haka. Bayan kakar baɗi, Ɗanliti, ku dawo mu yi magana irin ta manya."

Ya ɗaga murya.

"Wadda ke bayan asabari, a kawo wa baƙi abinci!"

Da gudu ta yi madafi, tana dariya tana kuka. Innarta, Maijidda, ta miƙa mata ludayi ta koma gefe tana kallo. Safara'u ta zuba wa miyar kuɓewa gishiri, hankalinta na can zaure. Ta juya ta tuƙa tuwo, ta dawo ta sake zubawa, ta manta ta riga ta zuba.

Ɗanliti loma ɗaya ya yi ya nemi ruwa. Malam ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi.

Akushin Abdussalami kuwa ya dawo kamar an wanke.

An ɗaura auren bayan kakar da Malam ya ambata, aka tura su aiki Tudun Wada, ita ungozoma, shi duba-gari mai sallama kafin ya shiga gidan kowa. Sai da suka yi wata guda a ɗakinsu ta iya tambayarsa.

"Don Allah, miyar nan ta ran Juma'a… yaya ka yi ka cinye?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kwana biyu ina shan ruwa kamar raƙumi, masoyiyata."

"To me ya sa ba ka bari ba?"

"Inuwar ƙafarki na gani a ƙarƙashin asabari. Na san akushin kike jira."