Ranar Da Mama Ta Kira Sunansa

"Mama! Mama, za su illata shi!"

Donají ta banko ƙofar gida a guje, takalmi a ƙafa ɗaya, waya a hannu, kitsonta duk ya warware.

Doña Crisanta tana durƙushe gaban tanderu tana ciro gurasar masara. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa za a illata?"

"Telo, Mama!"

"Ban san mai wannan suna ba."

"Mama, don girman Allah..."

"Na ce ban san shi ba. Nemo ɗaya takalmin, ke ba mahaukaciya ba ce."

Ƙarya take yi, ta san shi sarai.

Duk wanda ya tashi a garinmu San Bartolo del Mar, da muryar Doña Crisanta ya tashi. Shekara talatin da ɗaya lasifikarta tana saman dogon itace a tsakar gidanta. Wa ya yanka sa, wa ke da ɗanyen jatan lande, akuyar wa ta ɓata, wa ya rasu kuma ƙarfe nawa za a kai shi, duk daga bakinta muke ji. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta faɗar abin da idonta bai gani ba, sai dai in mai abin ya zo ya tsaya gabanta ya faɗa da bakinsa. Limamin coci ya taɓa aiko mata takarda, ta mayar masa ta ce ai yana da ƙafa. Shi ya sa in ta yi magana, magana ta ƙare.

Sai ga Eleuterio, wanda muke kira Telo, ɗan masunta, ya dawo daga karatu a birni. Ya kafa dogon ƙarfe a bakin tafki, ya jawo mana intanet, ya buɗe zauren gari a waya. Masunta suka fara ganin yadda ake sayar da jatan lande a birni kafin su sallama nasu. Mata suka rage zuwa ƙofar Doña Crisanta, kowa ya tura sanarwarsa yana kwance. Lalaci dai ya samu wurin zama.

Kuma wannan yaron ne ya wanke ƙafa ya zo neman 'yarta tilo!

A tsakiyar kasuwa ta ba shi amsa, kowa yana ji:

"Ranar da bakina ya kira sunanka a lasifikata, ranar ka zo ka ɗauki Donají!"

Shekara guda ke nan tana riƙe da bakinta. Da babarsa ta kawo sanarwar walimarsa, sai muka ji an ce "ɗan Doña Eulogia na biyu, mai dogon wuyan nan."

"Kalli, Mama, kalli kawai!" Donají ta tura mata wayar gaban ido.

Hoto ne. Kifi matattu tsibi-tsibi a bakin ruwa, cikinsu sama. A ƙasa an rubuta wai ƙarfen Telo ne yake sakin wani abu cikin tafki, ya kashe komai a gaɓar kudu.

Hannun tsohuwar ya tsaya cak.

"Tafkinmu ne wannan?"

"Ba shi ba ne! Na saka hoton a wurin bincike, ya fito mini. Shekararsa huɗu, kuma a wata ƙasa aka ɗauka, can bayan teku. Wata lamba ce marar suna ta fara turo shi da safe."

"To ki faɗa musu mana a zauren naku. Ba kun ce ya fi lasifika ba?"

"Na faɗa! Suka ce budurwarsa ce, me za ta ce dama? Mama, kwana uku iskar arewa ta hana kowa fita da kwalekwale, babu wanda ya ga gaɓar kudu. Yanzu sun taru da sanduna da gatari, Nicanor yana gaba da motarsa, sun kama hanyar tafki!"

Nicanor dillalin jatan lande ne. Kafin waya ta zo, abin da ya furta shi ne farashi. Shi ma ya daɗe yana kewaya Donají da turare da 'yan kunne, tana mayar masa ko buɗewa ba ta yi.

"Shi kuma mai dogon wuyan yana ina?"

"Yana gindin ƙarfen. Ya ce ba zai gudu ba, asibiti da makaranta duk da shi suke aiki. Mama, iska tana kaɗawa kudu, in kin yi magana za su ji ki tun kafin su isa!"

"Ga makirufo can. Ke ma ai kina karanta sanarwa in muryata ta dushe."

"Ba tawa za su yarda da ita ba. Taki!"

Doña Crisanta ta miƙe, ta goge hannu a zaninta.

"Ban ga tafkin ba, 'yar nan. Abin da ban gani ba, ba na faɗa."

"Kafin mu je mu dawo sun fasa masa kai!"

"Shekara talatin da ɗaya ban yi wa garin nan ƙarya ba. In kuma kifin ya mutu da gaske fa?"

Donají ta share hawaye da bayan hannu. Ba ta ƙara roƙo ba. Ta danna wayar, ta ɗaga.

Sai ga fuskar Telo a gilashi, iska tana neman fizge masa hula.

"Rabin raina! Kina lafiya? Kada ki fito, kin ji? Ki zauna a gida..."

"Telo, Mama tana ganin ka."

Nan take ya cire hular.

"Barka da rana, Doña Crisanta."

"Wannan ma ai hoto ne," in ji tsohuwar, ko amsa gaisuwar ba ta yi ba. "Wanda ya nuna matattun kifi na shekara huɗu, zai iya nuna rayayyu na shekara huɗu."

"Yanzu-yanzu ne, Mama, yana jin ki!"

"Haka kika ce."

Ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba kifin da take zargin ya kwana.

"Kai!"

"Na'am, Doña."

"Mayar da hularka, amma a juye."

Ya mayar, a juye.

"Ɗaga ƙafar hagu."

Ya ɗaga.

"Na ce hagu! Wannan ne karatun birnin?"

Donají ta fashe da dariya cikin kuka.

"Juya abin nan ka nuna mini gicciyen masunta."

Hoton ya juya. Ga gicciyen nan shuɗi a bakin ruwa, furannin da Doña Crisanta da kanta ta ɗaura ranar Lahadi suna rawa a jikinsa. Ta matso da wayar kusa.

"Bi da ni gaɓar. A hankali, ba tsere muke ba."

Yashi fari tas. Kwalekwale a kife. Balbela biyu. Ko mataccen kifi ɗaya babu.

"Akwai raga kusa da kai?"

"Akwai ta babana."

"Jingina wayar inda zan gan ka. Ka shiga ruwa ka jefa. Ba nan ba! Can, daidai gindin ƙarfen naka. In da guba, a nan take."

Daga bayansa aka fara jin hayaniya da ƙarar mota.

"Mama, sun kusa! Wayyo, Mama!"

"Ki yi mini shiru. Jefa!"

Telo ya shiga ruwa har gwiwa, ya murɗa jiki, ya saki raga. Iska ta naɗe ta, ta faɗi a dunƙule kamar tsumma.

"Allah ya jiƙan kakanka, da ya ga wannan da ya sake mutuwa. Juya wa iskar baya, shashasha!"

Ya juya. Ya sake jefawa. Ragar ta buɗe da'ira guda, ta sauka. Ya jawo, ya rugo gaban wayar, ya zazzage a yashi.

Jatan lande suna tsalle! Suna ƙyalli, suna fantsama, ɗaya har ya bugi gilashin wayar!

Doña Crisanta ta miƙa wa 'yarta wayar. Ta taka zuwa ɗan ɗakin lasifika da saurin da Donají ba ta taɓa ganin ta yi ba. Ta kunna. Ta hura sau biyu, yadda ta saba.

Ina cikin taron nan, da sanda a hannu, kuma har yau ina jin kunya. Saura taku kaɗan mu isa ƙarfen muka ji muryar ta biyo iska ta sauko mana a ka.

"Jama'ar San Bartolo! Crisanta ce. Ku tsaya inda kuke!"

Muka tsaya. Tun muna da ƙuruciya ƙafafunmu suka saba.

"Na ga gaɓar kudu da idona yanzun nan. Babu mataccen kifi. An jefa raga a gindin ƙarfe, jatan lande ya fito da ransa. Hoton da kuka gani ƙarya ne, ba tafkinmu ba ne. Manyan banza, da furfurarku, ba wanda ya ce bari in je in duba! Duk wanda ya ɗora yatsa a jikin Eleuterio, kada ya ƙara tako ƙofata, ko gawarsa ba zan sanar ba!"

Sanduna suka fara sauka ƙasa.

Nicanor ya leƙo ta tagar mota yana ihu.

"Ta waya ta gani! Wa ya san abin da aka nuna mata?"

Wani tsoho ya nuna masa yashi da haɓa. Jatan landen suna nan suna tsalle a gaban kowa.

Lasifika ta sake tsagawa.

"Saura ɗaya. 'Yata za ta kira lambar da ta fara turo hoton nan. Kowa ya rufe baki ya buɗe kunne."

Muka yi tsit, sai iska.

Can sai wani kiɗa ya tashi, siriri, na soyayya. Daga cikin motar Nicanor yake fitowa, a ƙarƙashin kujera. Ga kuma wayarsa da muka sani tana hannunsa, shiru.

"Au! Dillali, waya biyu gare ka?" in ji wata mai sayar da kifi. "Ɗauka mana, budurwa ce take kira!"

Bai ɗauka ba. Ya ja motar da baya har ya kusa afkawa rami, mata suna yi masa guɗa.

A gida kuwa, Doña Crisanta ta kashe lasifika ta juyo. Ta tarar da Donají tsaye a bakin ƙofa, hannu biyu a baki, idanu kamar za su faɗo.

"Mene ne kuma?"

"Mama... kin faɗa."

"Na faɗi me?"

"Sunansa! Kin ce Eleuterio! A lasifika!"

"Ban ce ba."

"Kin ce! Duk gari ya ji!"

"Mai dogon wuya na ce."

"Mama, shekara talatin da ɗaya ba ki yi ƙarya ba. Yau za ki fara?"

Tsohuwar ta ja da baya. Ta zauna a kan kujera.

Kafin gurasar da ta bari a tanderu ta gama ƙonewa, gari ya iso ƙofarta. Mu ɗin da muka tafi da sanduna, mu muka dawo da Telo a kafaɗa, jiƙe sharkaf, hularsa har yanzu a juye.

"Ta kira! Ta kira! Doña Crisanta ta kira!"

Muka dire shi a tsakar gida. Donají ta ruga, saura kaɗan ta faɗa jikinsa, babarta ta yi gyaran murya. Ta tsaya cak.

"Farin cikina..." in ji shi a hankali. "Ke kika cece ni."

"Ka kusa kashe ni da tsoro, mugu! Da ka gudu mana!"

"In gudu in bar surukata ba ta ga iya jifana ba?"

"Wace surukar?" in ji Doña Crisanta. "Matso nan."

Ya matso, ya durƙusa.

"Na yi magana a kasuwa, kuma ba na lashe abin da na tofar. Amma ka ji sharaɗina. Wannan zauren naka, daga yau babu mai turo magana ba suna. Mai abu ya tsaya a bayan abinsa."

"An gama, Doña."

"Kuma ka koyi jefa raga. Ba zan aurar da 'yata ga abin dariya ba."

"An gama, Mama."

Ta harare shi, amma ba ta gyara masa ba.

Ta tashi ta koma ɗakin lasifika. Muka ji ta hura sau biyu.

"Jama'ar San Bartolo! Crisanta ce. Masu abin suna tsaye gabana, na gan su da idona. Ranar Asabar ta ƙarshen wata za a ɗaura auren 'yata Donají da Eleuterio. Eleuterio na ce, ga wanda bai ji ba ɗazu!"

Guɗa ta kaure har kaji suka watse. Donají tana dariya tana kuka, takalminta ɗaya har yanzu.

Tsohuwar ta fito, ta kama hannun rigar Telo, ta ja shi gefe, ta rage murya.

"Kai. Ƙanwata tana Amurka, shekara goma sha tara ban ga fuskarta ba. Lasifikata ba ta kai can."

"Yanzu kuwa, Mama."

"Tsaya! In gyara ɗankwalina tukuna."