Wanda Ya Murza Makullin

Da la'asar rahoton ya iso caji ofis: mota ta danne mutum a tsakar gidansa. Sufeto ya ture abincin da ke gabansa, ya ɗauki hula. Kofur ya ja mota.

Gidan yana ƙarshen layi. Tsakar gidan siminti ne, ya gangaro zuwa bakin ƙofa. A tsakiya wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal take tsaye. An janye gawar gefe, an lulluɓe ta da zane. Babu mai kuka. Maƙwabta sun jeru a jikin bango suna kallon ƙasa.

Sufeto ya ɗaga zanen. Dogon mutum ne, magidanci, sawun taya a ƙirjinsa. Ya mayar da zanen.

Matar marigayin tana zaune a bakin famfo, hannayenta a kan gwiwa.

"Me yake yi a ƙarƙashin motar?" Sufeto ya tambaye ta.

"Filtar mai yake ɗaurawa. Ta asalin ba ta tace datti, kullum sai motar ta shaƙe masa a hanya. Shi ne ya sayo wata zai ƙara."

"Shi da wa?"

"Shi kaɗai, Yallaɓai."

"Ke kina ina?"

"Ina wanki a baya. Birkin hannun ya daɗe da lalacewa. Gangarowa ta yi."

Ta faɗa ba tare da muryarta ta motsa ba.

Sufeto ya tsuguna. Ga dutsen da aka tare tayar baya da shi, yana nan inda aka sa shi. Motar ce ta bar shi, ta yi gaba, ta haura gangaren. Ya dubi gangaren, ya dubi motar.

"Kofur, ka taɓa ganin mota ta gangara ta hau tudu?"

"Sai dai tamu ta ofis, Yallaɓai. Ita ba abin da ba ta yi."

Babu wanda ya yi dariya, har shi Kofur ɗin.

Aka kira bakaniken bakin titi. Ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashin motar, ya daɗe bai fito ba.

"Aikin ya kusa ƙarewa," ya ce da ya fito, yana goge hannu. "Ya ɗaure filtar a jikin shasi, ya yanke tiyon mai ya haɗa, ya ɗaure bakinsa. Saura fitar da iska. Notin fitar da iskar ma a kwance yake."

"Yaya ake fitar da iskar?"

"Ɗaya yana ƙasa da sifana. Ɗaya yana ciki yana murza makulli rabi, famfon motar ya turo mai. Rabi kawai, ba a kai shi kik, inda mota ke tashi."

"Idan aka kai shi?"

Bakaniken ya leƙa ciki ta taga.

"Tana kan giya ɗaya, Yallaɓai. Zabura za ta yi."

"Mutum ɗaya zai iya aikin?"

"Sai in hannunsa ya kai daga can zuwa nan."

Ƙanen marigayin ya fito daga cikin mutane kafin a neme shi. Dogo ne kamar wansa, da rigar wurin aiki a jikinsa.

"Ni ne," ya ce. "Yaya ya ce in murza, hannuna ya zarce. Mu tafi."

"Maƙwabta sun ce bayan an janye shi ka shigo."

"Ba su gani da kyau ba."

Sufeto ya buɗe ƙofar direba. "Shiga ka nuna mini."

Ya shiga da ƙyar. Gwiwoyinsa suka tokare sitiyari, ƙirjinsa ya kusa taɓa ham. An jawo kujerar gaba har ƙarshe.

"Haka ka zauna?"



Kofur ya zura hannu a bayan kujerar, ya jawo wata sandar dogarawa. Kanta ya yi sulɓi saboda riƙo. Ƙanen ya dube ta, ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

"Don Allah, Yallaɓai. Ni ku tafi da ni."

"Ina ɗakin mai sandar nan?" Sufeto ya tambaya.

Matar ce ta nuna da haɓa.

Ƙaramin ɗaki ne, da gado da rediyo, da hoton wata babbar mota a bango. Mahaifin marigayin yana zaune a bakin gadon, gajeren tsoho, ƙafarsa ta hagu a miƙe kamar ba tasa ba. Ya riga ya sa takalmi.

Sufeto ya jingina sandar a kusa da shi.

"Sannu, Baba."

"Yauwa, ɗana. Na ji abin da yaran suka faɗa maka. Kada ka riƙe su da shi."

"Me ya faru?"

"Ni direba ne. Tun kafin a haife shi nake jan manyan motoci. Da ciwon nan ya taɓa ni, sai ya karɓe makulli, ya ce na huta. Ko wanke gilashi ba ya bari in yi." Ya shafa ƙafar. "Yau na ji yana neman wanda zai murza masa. Na ce ga ni. Ya ce a'a. Na ce ashe har murza makulli ma na zama ba na iyawa? Sai ya ji kunya. Shi ya ɗaga ni ya ɗora a kujerar, ya jawo mini ita gaba."

"Ya gaya maka rabi kawai?"

"Ya gaya mini. Na yi daidai, na sake yi daidai. Ina jin famfon yana kuka, ina jin warin dizal. Sai kawai na so in ji ta tashi a hannuna. Na taka kuloci, na kai makullin ƙarshe. Ƙafar ta zame."

"Ka san yana ƙasa?"

"Na sani."

Sufeto ya gyara hularsa. 

"Sai mun je ofis, Baba."

"To."

Ƙanen ya riƙe shi ta dama, Kofur ta hagu. Da suka zo daidai zanen, tsohon bai juya ba, su ma ba su tsaya ba. Matar ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da maganinsa a leda, ta miƙa wa Kofur.

"Bayan ya ci abinci ake ba shi," ta ce.

A waje, Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaba, don ta fi sauƙin hawa. Tsohon ya tsaya, ya dubi sitiyarin da makullin da ke rataye a jikinsa.

"A'a, ɗana," ya ce. "Sa ni a baya."