Sakinatu da Ƙaiƙayin Fuska

A zamanin daular Sakkwato, an yi wata yarinya a garin Boɗinga mai suna Sakinatu. Mahaifinta, Malam Mainasara, manomin albasa ne. Gidansu babban gida ne, ga yara rututu.

Sakinatu yarinya ce mai ƙoƙari. Ba ta wasa da karatun allo, ba ta ƙin aike. Amma tana da hali guda. Ba ta iya jira ko kaɗan. In an sauke wake, sai ta ƙona bakinta kafin ya huce.

A gidan nan, 'yan mata duka akushi ɗaya suke cin tuwo. Nan ake hira, nan ake dariya, nan ake rigimar mai suɗe miya. Kullum Sakinatu kusa da Tani take zama. Tani 'yar baffanta ce, kuma sa'arta.

Wata shekara, bayan an cire albasa, sai fuskar Sakinatu ta fara bushewa. Kumatunta suka yi fari-fari kamar an barbaɗa musu toka. Ga ƙaiƙayi mai shiga rai. In ta sosa, sai wurin ya yi ja, fatar ta riƙa ɓarewa.

Rannan suna cin tuwo, Sakinatu tana ci da dama tana susa da hagu. Iya Laraba, mahaifiyar Tani, ta tsaya tana kallonta. Iya Laraba ba muguwa ba ce, tsoron cuta ne ya yi mata yawa.

Ta kira mahaifiyar Sakinatu, wadda yara ke ce wa Inna. Ta ce, "Taho ki diba huskar ɗiyag ga. Anya ba ƙazwa ba ta? In ita ta, dut yaran gidan ga sai sun ɗauka."

Inna ta duba, ta ce, "Ban tsammani. Amma tunda ba mu sani ba, a raba masu akushi."

Daga ranar aka riƙa zuba wa Sakinatu tuwonta a wani ɗan ƙoƙo. Ita kaɗai take ci a bakin rumbu. Tana jin dariyar 'yan'uwanta, ba ta san abin da ake yi wa dariyar ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta ce, "Inna, ni ba ni son ƙoƙon ga. Yaushe za ni koma cin akushi?"

Inna ta ce, "Sai huskarki ta warke. Babanki na da tahiya Shagari in ya gama ɗaurin albasa. Shi kai ki wurin Kaka ta diba ki. Kahin nan, kak ki shahwa komi. Kin jiya?"

"Na jiya, Inna."

Ta ji ɗin, amma da kunne kawai.

Washegari ta dubi fuskar Tani. Sumul take, har da sheƙi. Ta ja ta gefe ta ce, "Tani, mi kika shahwa ma huskarki?"

Tani ta ce, "Sabulun salo nika wanke ta da shi, in dirje da soso. Sannan in shahwa man Iya mai turare."

Sakinatu ta riƙe wannan. Da ta je rijiya ɗebo ruwa, wata mata ta ce ai lemun tsami ne maganin abin. Wata kuma ta ce ƙarya ne, ruwan albasa ya fi. Kowa da maganinsa, alhali babu wadda ta taɓa yin ciwon.

Sakinatu ta yi lissafi irin nata. Ta ce a ranta, in magani ɗaya zai warkar da ita a hankali, to haɗa su duka zai warkar da ita yau ɗin nan. Kun ji wayo!

Da Inna ta shiga daka, sai ta laɓe bayan ɗaki. Ta wanke fuska da sabulun salo, ta dirje ta da soso har tana cije baki. Ta matsa lemun tsami. Ta goga yankan albasa. Ta kawo man turaren Iya Laraba ta lafta a kai.

Ba a jima ba fuskar ta ɗauki zafi kamar an watsa mata barkono. Kumatu suka kumbura. Idanu suka ƙanƙance. Sakinatu ta fito da gudu tana ihu.

Inna ta yar da taɓarya. "Subhanallahi! Mi as same ki? Mi kinka shahwa?"

Cikin kuka Sakinatu ta faɗa mata duka, ba ta ɓoye komai ba.

Inna ta yi ta zuba mata ruwan randa mai sanyi. Ta ce, "Ban ce maki ki jira ba? Diba abin da kinka ja ma kanki."

Da maraice aka kawo ɗan ƙoƙon nan. Yanzu ko Tani ba a bari ta matso kusa da ita. Sakinatu ta dubi ƙoƙon, ta share hawaye. Ta ce, "In Allah ya yarda sai na koma akushin can. Dut abin da anka ce in yi, yi nikai."

Malam Mainasara bai jira gama aikinsa ba. Da safe ya ɗora ta kan jaki, suka bi ta Lambara, suka isa Shagari.

Kaka Atika ita ta haifi Inna. Tsohuwa ce mai shanu, mai yawan tsokana. Da ta ga jikarta sai ta tafa hannu. "Wa ak kawo man kabewa? Ni ban aiki kowa kasuwa ba!"

Sakinatu ta turo baki. "Kaka, ciwo nika ji, ke ko kina dariya."

"To taho, mummuna, in gani."

Kaka ba ta fara da fuskar ba. Ta kama hannuwan Sakinatu, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta duba wuyan hannu da hammata. Sannan ta dubi Malam Mainasara ta ce, "Wagga ba ƙazwa ba ta. Ƙazwa nan taka hwara zama, ga shi ko babu komi. Bushewar hwata ta. Ba a ɗaukar ta. Amma ta ji ma kanta ciwo. Ka bar man ita."

Sakinatu ta yi tsalle. "To Kaka, ba ni magani in shahwa yanzu!"

"Yanzu? Ashe har yau ba ki yi hankali ba. Huskag ga hutu taka so."

Kaka ta yanke mata farce ƙasa-ƙasa. Ta hana ta sabulu da soso a fuska. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, sai a daddanna da tsohon zane mai laushi.

Amma ƙaiƙayin fa? Nan ne aikin yake. Da ya taso, hannun Sakinatu da kansa yake tafiya kumatu. Kaka ta lura. Ta ɗauko mazari da auduga ta damƙa mata.

"Dut sa'ad da ƙaiƙai yat taso, ki yi kaɗi. Hannun da ka aiki bai susa."

Sakinatu ta kama kaɗi. Da farko zaren yana ta tsinkewa. Wani lokaci ƙaiƙayin har hawaye yake sa ta. Sai ta tuna ɗan ƙoƙon nan na bakin rumbu, ta cije, ta murza mazari. Ba ta sosa ba.

Da kumburin ya sauka, Kaka ta ce, "Yanzu mu biɗi man da huskarki ka so."

Sakinatu ta ce, "Kaka, mi as sa na Tani ya yi mata, ni bai yi man ba?"

"Ina babanki ka shuka albasa?"

"Hwadama."

"Gero hwa?"

"Tudu."

"To, hakanan hwata take. Ta Tani daban, taki daban. Sai an gwada aka sani."

Gwajin Kaka ba na gaggawa ba ne. Mai ɗaya ake ɗauka. A ɗiga kaɗan a bayan kunne, a bar shi ya kwana, a sake, a sake. In wurin ya yi ja, fuska ta tsira. In ya zauna lafiya, sannan a matsa gaba.

Aka fara da man shanu na Kaka. Washegari bayan kunnen ya yi ƙuraje ƙanana. Kaka ta riƙe baki. "Ikon Allah! Man saniyata da mutane ka rububinshi, shi hwatarki tar raina?" Su duka biyu suka yi dariya.

Da wurin ya warke, aka gwada man gyaɗa. Shi bai yi mata komai ba. Amma da aka kai shi kumatu, kafin azahar fuskar ta koma fari-fari.

Ran Sakinatu ya ɓaci. Ta je ta zauna a gindin tsamiya. Kaka ta zo ta ce, "Kin gaji? In aika ma babanki shi zo?"

Sakinatu ta girgiza kai. "Ban gaji ba. Ba ni komawa ga ƙoƙon can. Mi ar rage?"

Kaka ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshin ganye. A ciki akwai man kaɗe, wanda fatake ke kawowa daga kudu. Babu turare a cikinsa, babu haɗi. Sakinatu ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Kaka, ba shi da ƙamshi ko kaɗan!"

"Hancinki muka ma magani ko huskarki?"

Sakinatu ta miƙa kunne. Aka ɗiga, aka jira. Wurin bai yi ja ba. Aka sake, nan ma shiru. Wannan karon ita da kanta ta ce a ƙara kwana, don a tabbata. Kaka ta dube ta ta gefen ido, ta ji daɗi.

Sannan Kaka ta koya mata shafawa. Ta wanke hannu tukuna. Ta lakato kaɗan, ta narkar da shi a tafin hannu. Ta shafa tun fuskar da sauran danshin ruwa, safe da yamma, ba tare da dirza ba.

A hankali farin nan ya fara ɓacewa. Ƙaiƙayin ya yi ta raguwa. Wata safiya Sakinatu ta lura tun da ta tashi ba ta nemi mazari ba. Ta leƙa ruwan ƙwarya, ta ga fuskarta ta dawo. Ta yi ta tsalle har kaji suka watse.

Kaka ta ce, "Ki ji da kyau. Hwatarki mai saurin hushi ta. In kin bar ta, bushewag ga na iya dawowa. Kak ki hwasa shahwawa."

Malam Mainasara ya zo ya ɗauke ta. Ta koma Boɗinga da ƙunshin man kaɗe da ƙaton dunƙulen zare. Ta miƙa wa Inna zaren ta ce, "Inna, ki gahwarce ni. Wanga dut susar da ban yi ba ta."

Inna ta rungume ta.

Lokacin cin tuwo ya yi. Sakinatu ta tsaya nesa kaɗan. Iya Laraba ta zo ta juya fuskarta dama da hagu. Ta buɗe yatsunta ta duba, don Malam Mainasara ya faɗa mata abin da Kaka ta ce. Sannan ta kama hannunta, ta kai ta har bakin akushi.

"Tani, matsa ma 'yar'uwarki. Ɗiyata, ki yi haƙuri, tsoro na ji."

Sakinatu ta zauna a wurinta na da. Tuwon dawa ne da miyar kuka, irin na kullum. Amma ba ta taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba. Ranar ba wadda ta yi rigima da ita, ita ta suɗe miya.

Da aka gama, ta ɗauko ɗan ƙoƙon nan, ta wanke shi tas. Ta juye man kaɗenta a ciki, ta rufe da faifai.

Tani ta leƙo ta ce, "Sam mani in shahwa, huskata ta yi awa taki."

Sakinatu ta lakato ɗan mitsitsi ta ce, "Kawo kunnenki. Nan muka hwarawa, sannan mu jira."

Yara, abin da ya karɓi wani ba lalle ne ya karɓe ku ba. In fatarku ta sami matsala, kada ku shafa duk abin da kuka ji a bakin mutane. Ku faɗa wa manya, ku je wurin wanda ya sani, ku gwada kaɗan, ku yi haƙurin jira. Da haka Sakinatu ta koma cikin 'yan'uwanta.