Ɗan Ɗakin Da Ta Goge

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Umma tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai ta ji 'yarta ta ce "Kash!" daga cikin ɗaki. Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Irin kash ɗin nan ne na wanda ƙofa ta rufe masa alhali makulli yana ciki. Umma ta tsaya da zani a hannu, gabanta yana dukan uku-uku, don ita dama mace ce mai saurin firgita, ko cokali ne ya faɗi sai ta yi salati.

Su biyu ne kawai a gidan tun rasuwar maigidan bara. Mai ɗaukar hoto ne, ya ƙare rayuwarsa yana bayan kyamara, shi ya sa da wuya ka ga fuskarsa a hoto. Abin da ya rage nasa yana cikin tsohuwar kwamfutarsa: hotunan gida tun yarinyar tana zanin goyo, da 'yan bidiyoyi da ake jin muryarsa yana ba da umarni ba a ganinsa. 'Yar Baba, haka kowa ke kiran yarinyar, tana karatun kwamfuta, ita ce ta ce na'urar ta tsufa tana neman mutuwa, gara a sa mata sabuwar manhaja kafin ta tafi da kayan Baba.

Umma ta leƙa. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi a kusurwa yana ƙyaftawa kamar idon mai zazzaɓi.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Umma. Kin ga faifan da ke cikinta kamar gida yake, an yanka shi ɗaki-ɗaki. Babban ɗakin na hotunan Baba ne, ban taɓa shi ba. Sai wani ɗan mitsitsi a bakin ƙofa, ko suna ba shi da shi, na ɗauka fanko ne, na goge shi don sabuwar ta samu wuri. Ashe a nan abin da ke tada ta yake."

"Da magaribar nan? Kin dai yi bisimilla?"

'Yar Baba ta yi dariya. "Haba Umma, kwamfuta ce fa, ba ruwan zafi na zubar a kwata ba."

Ba ta rufe baki ba dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Umma ta ɗaga kai. Wani ya biyo baya, sannan wani, a hankali, ba irin jifan yara ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san nasa ne. Umma ta fita har bakin titi. Babu kowa, sai shagunan da aka rufe da kiran salla yana tasowa daga nesa. Da ta dawo ta tarar an cire wayar wuta daga bango, amma fankar kwamfutar tana ta huci, ɗan layin nan yana ƙyaftawa, ita kuma yarinyar ta zuba masa ido, idonta yana buɗewa yana rufewa tare da shi.

Da gari ya waye abin ya fito fili. 'Yar Baba ta buɗe ido, ta tashi zaune, ta sauko da ƙafa ɗaya, ta ce, "Umma, ina kwa..." Sai ta tsaya cak. Ta mayar da ƙafar, ta kwanta, ta rufe ido. Jim kaɗan ta sake buɗewa, ta tashi zaune, ta sauko da ƙafar nan dai, "Umma, ina kwa..." Haka ta wuni. Umma ta jijjiga ta, ta yayyafa mata ruwa, ta kira ta da duk sunan da ta taɓa kiranta da shi. A asibiti aka auna jini aka haska kai, likita ya ce komai lafiya, a je a huta. Ruwa ma sai Umma ta yi dabara take ɗura mata, a ɗan tsakanin nan da baki yake buɗe.

Kwanaki suka ja. Duk magariba duwatsu, duk safiya rabin gaisuwa. Maƙwabta suka daina aiko yara. Wuyan yarinyar ya zama kamar sillen kara.

Umma ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma tana da ido. Ta ga yadda kwamfutar take yi: ta yi ƙara, ta nuna rubutu layi biyu, ta mutu, ta sake farawa. Ta dubi 'yarta, ta dubi na'urar, ta ga abu ɗaya suke yi. Ta je ta ɗauko mai gyara daga shagonsa na bakin kasuwa, wani dogon mutum mai yawan barkwanci wanda ya san marigayi.

"Mama, kwantar da hankalinki," ya ce yana zaro filash daga aljihu. "Wannan ciwon kullum sai na yi maganinsa. Yaran nan ne, sun karanta shafi biyu sun zama injiniyoyi."

Ya tada kwamfutar daga filash ɗinsa, ya ga ɗakunan, ya ce babban yana nan da kayansa. Ya sake gina ɗan ƙaramin, ya zuba masa abin tayarwa, ya kashe ya kunna. Baƙin allo. Ya sake, ya shiga saitin cikin na'urar ya juya jerin abin da za ta fara nema. Baƙin allo. Ya ce to bari ya kwashe hotunan tukuna, sai na'urar ta ce masa hanyar ɗakin ta lalace. Ya sa manhajar da ke bin faifai tana ɗinke ɓaraka, ta yi ta tafiya har wajen rabi, sai ta tsaya, ta koma farko. A daidai lokacin, daga kan gado, aka ce, "Umma, ina kwa..."

Barkwanci ya ƙare. Mai gyara ya share zufa ya ce, "Mama, ɗakin da na gina yanzu da hannuna, ga shi babu shi. Wani yana rushewa ina ginawa. Wannan ba aikina ba ne."

Malamin da aka samo tsoho ne mai sanyin murya, ba ya son hayaniya. Ya zo bayan la'asar, ya ce a bar mai gyara ya zauna, a kunna na'urar. Ya zauna a tabarma nesa kaɗan da gadon ya fara karatu, a hankali, ba gaggawa, har inuwa ta cinye tsakar gida. Umma tana riƙe da ƙafar 'yarta tana jin sanyinta. Can sai ƙafar ta yi zafi kamar an ɗora ta a murhu, yarinyar ta tashi zaune, wannan karon ba ta yi gaisuwa ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

Muryar ta wata tsohuwa ce, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya.

"Wace ce ke, me kika zo nema a jikin baiwar Allah?"

"Ni na zo? Ita ta zo. Ina zamana a ɗan ɗakina tun kafin mai hoto ya sayi akwatin nan. Shi mutumin kirki ne, bai taɓa kunnawa bai yi sallama ba. Ni nake tada masa ita kullum, ko godiya ban nema ba. Rana ɗaya wannan mai rawar kan ta zo da magariba, ba sallama ba bisimilla, ta rushe min ɗaki a kaina."

"Ba ta sani ba. An sake gina miki."

"Wancan dogon? Ginin da ya yi ko kaza ba ta kwana ciki."

Mai gyara ya sunkuyar da kai. Malam ya ce akwai kangaye, akwai bishiyoyi a bayan gari, ta zaɓa. Ta ce ta tsufa da kwanan sanyi. Ya ce to ga filash sabo. Ta yi wata dariya da ta sa labule motsi.

"Kai ka taɓa kwana a kwalin ashana? Babban ɗakin nake so. A share shi tas, kada a bar ko ƙura. Kuma uwar ce za ta share da hannunta."

Umma ta juya ta dubi kwamfutar. "Ɗakin hotunan?"

Malam ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, jini ya ɗigo daga hancinta a kan zanin gado. Muryar tana ihu tana cewa, "Ƙona ni! Zan fita, amma zan bar ta yadda ta bar min ɗakina. Komai nata yana ciki, babu mai tada ta har ta mutu!"

"Malam, tsaya! Don Allah tsaya!"

Ya tsaya. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, ba zan rufe ki ba. Aljanu suna ƙarya, suna kuma faɗin gaskiya, ni ban san wanne ne wannan ba. In na ci gaba, jikin nan ba lallai ya ɗauka ba. In kin ba ta, ba ni da tabbacin za ta cika alkawari. 'Yarki ce, kayan mijinki ne."

Umma ta juya ga mai gyara. "Ko guda ɗaya ba za a iya fitarwa ba? Ko muryar kawai?"

Ya girgiza kai, bai iya kallonta ba.

Sai bakin yarinyar ya motsa, murya ta fito, ba ta tsohuwar ba. Muryar namiji ce mai taushi, da 'yar dariya a ƙarƙashinta. "Ɗan ɗaga kanki, uwargida. Yauwa. Kada ki motsa."

"Kada ki amsa!" in ji Malam. "Ba shi ba ne."

Ta san ba shi ba ne. Amma kanta ya riga ya ɗagu.

Ta rarrafa zuwa gaban teburin. Mai gyara ya buɗe mata wurin, ya nuna mata madannin da yatsa, ya janye hannunsa. Wani rubutun Turanci ya fito.

"Me ta ce?"

"Tana tambaya ko kin tabbata."

"Ban tabbata ba."

"Babu wurin danna wannan, Mama. E ne ko a'a."

Umma ta yi bisimilla, ta danna. Wani siririn layi ya fara tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, ko tsayawa bai yi a rabi ba. Ba ta taɓa zaton abin da mutum ya tara tsawon rayuwarsa zai share da sauri haka ba. Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa, ta yi, ta ce, "Na tafi. A gaya wa yarinya ta riƙa sallama." Yatsan ƙafar 'Yar Baba ya karkaɗa, fankar ta yi huci mai tsawo, ta yi shiru. Ba dutsen da ya sauka a kan kwano.

Malam ya naɗe kwamfutar a cikin buhu ya ce zai kai ta inda ba mai sake kunna ta. Mai gyara ya ɗauka masa, suka fita ba sallama mai tsawo.

Umma tana goge jinin hancin sai idon ya buɗe. Yarinyar ta dube ta sosai, ta gane ta, ta nemi ruwa. Ta sha ta sha, ruwan yana zuba a wuyanta. Sannan ta riƙo hannun uwarta da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Umma, kada ki bari kowa ya taɓa kwamfutar nan. Ina kwance na gano inda na yi kuskure, abu ne mai sauƙi. Kayan Baba duk suna nan lafiya. Gobe in na ji ƙarfi zan fito miki da su, ki ji muryarsa."

Umma ta gyara zama yadda bayanta zai tare teburin.

"To," ta ce. "Ƙara ruwan."