Wanda Ya Soya Irin Riɗi

Hantsi ya ɗaga lokacin da Insfekta Gudaji ya isa gonar binciken jami'a da ke bayan Ɗanzomo. A ƙofar sito ya tarar da matar da ta kira caji ofis, Dakta Safiyatu, tana zaune a kan bulo, buhu a buɗe a gabanta.

"Me aka sace, Dakta?"

"Ba a ɗauki komai ba. Ɗan tauna wannan."

Ya ɗebi riɗin ya watsa a baki. Garɗi ya cika masa harshe.

"Ai soyayye ne."

"To shi ke nan ka ga laifin. Soyayyen iri ba ya tsira."

Ta yi masa bayani. Shekara da shekaru ta yi tana tace wannan iri, har ta samo riɗin da kwansonsa ba ya fashewa ya zubar da 'ya'ya kafin a yanke. Manoman da suka gani a gonar gwaji suka raɗa masa suna Ɗan Safiya. Wannan buhu shi ne tsabtataccen irin gaba ɗaya, kuma kwamitin da zai yi masa rajista yana tafe. Ranar Laraba ta duba shi lafiya lau, ranar Alhamis ce kaɗai ba ta zo gonar ba.

Gudaji ya duba kwaɗon sito. Ba a fasa ba, ba a ko ƙwarzane shi ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da abokin aikina Dakta Abdulfatah, sai malaminmu Farfesa Abduljabbar."

Dakta Abdulfatah yana ofis, bai ko yi wa Insfekta tayin kujera ba.

"Ina kake ranar Alhamis?"

"Kasuwar Maigatari. Rago na je dubawa."

"Mai gadi ya ce ya gan ka nan da azahar."

Abdulfatah ya ture takardun gabansa. "To, na zo. Takarduna na kwasa, aiki nake nema a wata jami'ar, ba na son a sani. Tare muka fara aiki da matar nan. Yau ita ce a rediyo, ita ake gayyata taro har ƙasashen waje, ni kuwa ko sunana ba a iya faɗa daidai. Ina jin haushi, ban ɓoye ba. Amma da me zan soya buhu guda? Tun da taransfoma ta ƙone ba mu ga wuta ba."

Gudaji ya leƙa ɗakin gwaji. Ƙura ta rufe na'urar busar da iri. Ya shinshina ragowar riɗin da ya ɗebo, ya ji ƙaurin itace. A murhu aka yi aikin nan.

Farfesa Abduljabbar ya karɓe shi a gidansa da ke Gumel, dattijo mai furfura da taushin murya. Hannun hagu ya miƙo masa, don na daman naɗe yake da bandeji.

"A gafarce ni, Insfekta. Ruwan lagireton mota ne ya ƙona ni."

"Allah ya sawwaƙe, ranka ya daɗe. Yaushe rabonka da sito?"

"An kwana biyu. Safiya 'yata ce, ni na koya mata yadda ake riƙe furen riɗi. Wanda ya yi mata wannan ba ya tsoron Allah."

"Na ji manoma na yabon Ɗan Safiya."

Fuskar dattijon ta ɗan motsa. "A kimiyya lamba ake ba iri, ba sunan mutum ba. Wannan surutun 'yan ƙauye ne."

Da ya fito, Gudaji ya tambayi kansa: wa ke da kaskon da zai ɗauki riɗi mai yawa haka? Masu kantun riɗi. Ya bi su gida gida a cikin Gumel bai samu komai ba, sai a Gagarawa Tasha aka nuna masa gidan A'i mai kantu.

"Ƙwarai an kawo mini aiki ranar Alhamis," in ji ta, tana juya muciya. "Wani Alhaji ne a farar mota. Ya ce kada in sa sukari, kada in bari ya yi ja, wuta kaɗan kaɗan yadda launin ba zai sauya ba. Ban taɓa ganin mai kawo suya ya tsaya a kaina haka ba."

"Za ki gane shi, Iya?"

"Yaya ba zan gane shi ba? Ina zuba kaskon ƙarshe, sai kawai ya cusa hannu ciki ya damƙo. Yatsunsa suka sale. Na ce, Alhaji lafiya? Hawaye na zuba, ya ce wai hayaƙi ne."

Washegari da safe Gudaji ya tara su ukun a ofishin Farfesa. A'i na zaune a mota a waje, inda za a hango ta ta taga.

"Ranka ya daɗe, a kwance bandejin nan mu gani."

Farfesa ya dubi taga ya daɗe. Bai taɓa bandejin ba.

"Ba sai an kwance ba. Ni ne."

Safiyatu ta dafa bango. "Malam? Kai?"

"Tun ba a haife ki ba nake bin riɗin nan." Ita yake kallo, ba Insfekta ba. "Gashina ya yi fari a kansa. Abin da na nema ban samu ba, ke kika samu. Na ce wa kaina nasarar ɗaliba ta malaminta ce, na yi ta faɗa, zuciyata ta ƙi ji. Rannan a kasuwa wani manomi ya riƙe hannuna yana murna, ya ce, ashe kai ne kake aiki a wurin Dakta Safiya? Tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba."

"Sunanka ne a farkon kowace takarda da na rubuta," in ji ta. "Ni ban ce su kira shi da sunana ba."

"Na sani. Da kin yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa. Ba ki yi ba."

Abdulfatah ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon kowa.

Farfesa ya ja aljihun teburinsa da hannun hagu, ya fito da ƙullin hankici ya ajiye a gabanta.

"Wanda na damƙo ne. Wataƙila wuta ba ta kai cikinsa ba. Ki jiƙa auduga ki gwada."

Ta kwance ƙullin. Riɗin bai cika tafin hannu ba. Ta ɗaure shi a bakin mayafinta, ta ce, "Zan gwada." Wannan karon ba ta ce Malam ba.

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya zaro ankwa, Gudaji ya girgiza masa kai.

"Mu je, ranka ya daɗe."

Ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda. Dattijon ya gyara hularsa ya ratsa ta tsakiyarsu, yawancinsu ɗalibansa ne, babu wanda ya iya gaishe shi. Da ya kai bakin mota ya waiwaya. Safiyatu ba ta fito ba. Ta riga ta shige ɗakin gwaji tana neman auduga.