Diyyar Yatsun Kuri

Ranar da Kuri ya fara ganin Jasinta, kwalba take fasawa a kan wani ƙato a kasuwar garin Hagen. Yaron wani mai ba da bashi da ruwa ne da ake kira Tepra, ya zura hannu a jakar cinikinta. Kuri direban bas ya tsaya baki sake.

"Kai kuma kallon me kake? Ko kai ma kana so?" ta daka masa tsawa.

"Kaza na zo saya, 'yar'uwa. Ajiye kwalbar tukuna."

Dariya ta kuɓuce mata. Shi ke nan, mutuminku ya faɗa tarkon so.

Kaji take sayarwa. Banki ya hana ta rance don ba ta da takardar fili, to filin dangi wa zai ba ka takardarsa? Dole ta ranci kuɗin sayen firij na ajiye kajin wurin Tepra, ya riƙe katin bankinta, ruwa na hawa duk ranar albashi. Shi ma sonta yake, tana ƙi, ruwan na ƙaruwa.

Kullum Kuri sai ya turo saƙo: "Kazata, yau na wuce tasha ban tsaya ba, fasinjoji sai zagina suke. Laifinki ne."

"Direbana, ka kalli hanya. In ka mutu wa zai kai ni gida?"

Amma da ya je gaida babanta, Nori, ko tabarma ba a ba shi ba.

"Ba ka da alade ko ɗaya na sadaki, da me za ka auri 'yata? Da hon ɗin mota?"

Ana cikin haka ta hango Kuri a rumfar Tepra suna ƙus-ƙus. Ranta ya ɓaci, ta rubuta: "Ashe kai ma karensa ne. Kada in sake ganinka."

Bawan Allah! Nasa katin ya kai don a saki nata. Mugun ya karɓa, ya haɗa biyun ya danne.

Ranar albashi yaran Tepra suka zo ɗaukar firij da adduna. Suka kife tebur, suka tattake kaji, ɗaya ya shara mata mari har ta kai ƙasa. Kuri ya bar bas a tsakiyar titi, ya rugo ya rungume firij ɗin.

"Sai dai ku sare ni!"

Suka kuwa sara. Adda ta sauka a hannunsa na hagu, yatsu biyu suka faɗi, jini ya wanke murfin. Yaran suka arce. Jasinta ta yage zanenta tana ɗaure hannun tana kuka.

"Wawa kawai! A kan firij?"

"A kan mai firij. Katina na kai masa rannan, Kazata."

Nan Tepra ya tafka wauta. Bashi na mutum ɗaya ne, jini kuwa na dangi. Kafin la'asar dangin Kuri sun sauko daga tsauni, fuska shafe da laka, da kwari da baka da gatura. Suka tare hanya, suka banka wa motar Tepra wuta. Da dattawan dangin Tepra suka ga gidajensu ne na gaba, suka tasa shi a gaba zuwa filin sulhu. Ya biya diyya yana huci: aladu ɗaure a turaku, kuɗi, katunan nan biyu, bashi kuma ya mutu.

Kuri bai kai aladun gida ba, ƙofar Nori ya kora su. Tsohon ya dubi aladun, ya daɗe yana duban hannun.

"Shigo ka zauna, ɗana."

A coci fasto ya ce amarya ta sa zobe. Ta kama hannun hagu, babu yatsan zoben. Jasinta ta sunkuya ta sumbaci gurbin, hawaye na zuba, sannan ta sa zoben a dama.

"Ragowar takwas ɗin nawa ne, Direbana. Ba na ba da su bashi."

Mata suka rangaɗa guɗa. Nori ya dafa kawunansu ya ce Allah ya bar su tare, ya raba jikokinsa da adda da mai ba da bashi da ruwa.