Shekarun Takardar Malam Ishaku

Saudatu tana tsakar gidansu a unguwar Fadikpe tana wanke kofunan 'yan ta'aziyya, sai ga Kawu Dabo, ƙanen mahaifinta, ya jawo akwatin lefenta ya dire a gabanta. Kwana bakwai ke nan da rasuwar mahaifin nata, Malam Ishaku.

"Gobe a mayar wa Munzali kayansa! Ba zan ba wanda ya kashe min yaya 'ya ba."

"Kawu, don Allah—"

"Rufe min baki!"

Zancen ba mai tsawo ba ne. A daminar 1987 ciwon huhu ya kwantar da Malam Ishaku, numfashi ya gagara, aka kai shi asibitin da Munzali, saurayin Saudatu, yake aikin nas. Tukunyar oksijin ɗaya ta rage, mabuƙata biyu: shi da wata mai jego 'yar shekara ashirin da shida. Likita ya tambayi shekarun Malam. Kawu Dabo ya miƙa takardar rantsuwar da Malam ya yi a kotu tun yana aikin jirgin ƙasa, wadda ta nuna shekararsa hamsin da biyar. Duk unguwa an san zabge shekaru ya yi don kada ritaya ta riske shi da wuri. Likita ya dubi takarda, ya dubi furfura, ya juya ga Munzali. Munzali ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya haura saba'in, Dokta."

Likita ya ce a irin wannan hali da wuya huhun mai saba'in ya tashi ko an sa masa oksijin, mai jegon kuwa tana da sauran dama. Aka sa mata, ta rayu. Malam ya cika washegari da azahar.

Da la'asar ɗin ranar bakwai Munzali ya zo zaure. Saudatu ta fito da jajayen idanu.

"Me ya hana ka yin shiru? Babana ne fa!"

"Wallahi na so in yi, Saudat. Amma da na yi, mai yiwuwa rai biyu za a rasa, kuma ni zan zauna da abin har abada. Ki yi haƙuri."

Tana sonsa, tana kuma jin haushinsa. Ta koma ciki, ba ta sake musa wa Kawu ba.

Da safe dangi suka taru. Gwaggo Altine, ƙanwar marigayin, ta iso daga Maitumbi tana dogara sanda, ta ce a karanta mata takardar rantsuwar.

"Hamsin da biyar? Ni da ya goya na kusa saba'in! Ashe ni ce yayarsa ban sani ba?"

Mata suka danne dariya da mayafi. Gwaggo Altine ta juya ga Kawu Dabo.

"Dabo, tun da ya bar aiki yake faɗa min rantsuwar nan da ya dafa Alƙur'ani ya yi tana cin ransa. So kake ya tafi da ita, har da ran 'yar mutane a kai? Yaron nan sauke masa kaya ya yi!"

Kawu Dabo ya share ido ya ce Allah ya yafe mana.

Bayan arba'in aka ɗaura aure. Gaskiya takan yi ciwo a ranar da aka faɗe ta, mai haƙuri ne yake ganin amfaninta. Saudatu ta yi kukan mahaifinta har ranar biki, amma ta san mijin da ta samu: wanda bai yi ƙarya don ya same ta ba, ba zai yi mata ba bayan ya same ta.